DAJIN DA YA HURA WA BIRNIN PARIS WUTA SHEKARA KUSAN 400

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, kowa ya san yadda birni ke cin itace. Duk wanda ya tsaya da sassafe a bakin hanyar Yamai, ko ta Maradi, ko ta Damagaram, zai ga jakuna da raƙuma da amalanke da manyan motoci, kowa ɗauke da itacen wuta, kowa ya nufi cikin gari. Itacen nan daga dajinmu yake fitowa. Birni yana ƙara faɗi, daji yana ja da baya.

Ba a kanmu aka fara ganin haka ba. A wannan wata za mu kai ku ƙasar Faransa, wani yanki da ake kira Morban (Morvan). Daga shekarar 1547 har zuwa 1923, dajin wannan yanki ya yi ta aika wa birnin Paris itacen girki da na jin ɗumi. Ba a mota ba, ba a kan jaki ba. Ruwa ne ke ɗaukarsa. Yau sana'ar ta mutu, amma dajin yana nan, kuma mutane suna zuwa daga nesa su bi kwarinsa da ƙafa, su ga abin da aikin ya bari.

ƘASAR DUTSE DA RUWA

Morban tana kudu maso gabas da Paris, tafiyar kilomita 200 da ɗoriya. Ƙasa ce ta tuddai da kwaruruka. Tudun da ya fi kowane tsayi ya kai mita 901. In ka haƙa ƙasa kaɗan sai ka iske dutse mai tauri, wanda ruwa ba ya ratsawa. Ga shi kuma ana ruwan sama kusan kowane wata. A kan tuddai, ruwan shekara yakan wuce milimita 1,500, wato kamar ninki uku na abin da Maradi ke samu a damina madaidaiciya. Tun da ruwan ba ya nitsewa, sai ya gangara. Saboda haka kowane kwari yana da ƙoramarsa, kuma ba ta ƙafewa.

Ƙoramun nan suna haɗuwa su zama gulabe. Manyan guda biyu su ne Yon (Yonne) da Kur (Cure). Kur yana faɗawa cikin Yon, Yon yana faɗawa cikin kogin Sen (Seine), shi kuwa Sen ya ratsa tsakiyar Paris. Ku riƙe wannan, domin a kansa labarin ya tsaya: duk abin da ka jefa a ƙoramar Morban, in bai maƙale ba, Paris zai je.

Noma kuwa ba ya da daɗi a can. Ƙasar ba ta da ƙarfi, sanyi ya yi yawa, alkama ba ta yi sosai. Mutanen Morban na da talakawa ne. Arzikin da ke kewaye da su itace ne, shi ma yawancinsa ba nasu ba ne. Na sarakuna ne da masu dukiya.

MASU TAFIYAR ƘASA DON NISHAƊI

Mu nan ba wanda ke tafiyar ƙasa ta kwana biyar sai da dalili: ko ya bi dabbobi arewa da damina, ko cin rani, ko fatauci. Mutanen biranen Turai kuwa zaman kujera ya ishe su. In sun sami hutu sai su saɓa jaka a baya, su sa takalmi mai ƙarfi, su shiga daji su yi ta tafiya, ba saye ba sayarwa. Makiyayi zai yi dariya, kuma yana da gaskiyarsa. Amma ƙauyukan Morban da yawa suna samun na cefane daga waɗannan baƙi, domin sai sun ci, sai sun kwana.

Tun 1970 hukuma ta mai da Morban yankin da ake kulawa da shi na musamman. An share hanyoyin ƙafa, an sa musu lamba. Babbar cikinsu ita ce mai lamba 13. Ba ka bukatar ɗan jagora. A jikin itace ko dutse za ka riƙa ganin ɗan zane na fenti, fari a sama ja a ƙasa. Muddin kana ganinsa, ba ka ɓata ba.

Mutane da yawa suna tashi daga Bezele (Vézelay), wani tsohon gari da ke bisa tudu. Daga nan sai a gangara bakin gulbin Kur, a bi shi ana hawa, ana fuskantar inda ruwan ke fitowa. Kwari yana ƙara matsewa, duwatsu suna ƙara girma. Wuni guda za ka yi cikin inuwa, rana ba ta taɓa ka ba sai jefi-jefi. Itacen da ya fi yawa a tsohon dajin ana ce masa etir (hêtre). Bawonsa sumul ne, mai ruwan toka, kamar na kuka, amma jikinsa tauri gare shi, kuma wutarsa tana daɗewa.

Baƙo zai ce wannan daji ne da hannun mutum bai taɓa ba. Wanda ya iya duba ƙasa ba zai ce haka ba. Ƙorama a daji takan yi ta karkace-karkace. A nan sai ka ga ta miƙe sambal, gefenta an jera duwatsu kamar bakin rijiya. Ka ƙara gaba, sai ka ga wani ƙaton dutse da aka fasa aka ture gefe. Can sama, inda ƙoramar ke farawa, sai ka iske ɗan tafki da bangon ƙasa da dutse a bakinsa, ba gona kusa, ba gari kusa. Wa ya gina shi, don me? Abin da ya fi ba da mamaki shi ne sunayen wurare. Kusa da mafarin gulbin Yon, a kan tudu, akwai wurin da ake kira tashar jirgin ruwa ta Lamber (Port des Lamberts). Ruwan wurin ko kwale-kwale ba zai ɗauka ba. Tasha ce ta itace.

Haka kuma in ka dubi tsofaffin itatuwan da kyau, da yawansu ba gindi ɗaya gare su ba. Daga kututture ɗaya sai ka ga itace huɗu ko biyar sun tashi tare. Duk manomin da ya taɓa sare sabara ko kalgo ya ga ta sake tofowa, ya san ma'anar wannan. Za mu komo kansa.

YADDA AKE AIKIN

Tun wajen shekarar 1500, Paris ta cinye dazuzzukan da ke kusa da ita. A can itace ba na girki kaɗai ba ne. Hunturunsu ruwa yana daskarewa, wanda ba shi da wuta a ɗaki yana iya mutuwa. Masu gasa burodi ma da itace suke aiki, kuma in burodi ya yi tsada a Paris, sarki ba ya barci. Ɗauko itace da amalanke daga nesa kuwa, kuɗin ɗauka ya fi kuɗin kaya.

A 1547 wani mutum mai suna Sharl Lakwant (Charles Leconte) ya ɗaure itace ya tuƙo shi bisa ruwa har cikin Paris. Bayan shekara biyu, wani ɗan kasuwa, Jan Rube (Jean Rouvet), ya tsara aikin ya zama sana'a. Har yau akwai gunkin kansa a garin Kilamsi (Clamecy), garin da ya zama cibiyar wannan ciniki.

Daga ranar da gatari ya taɓa itace zuwa ranar da zai shiga murhu a Paris, kusan shekara biyu ce.

Da hunturu ake sara, lokacin da ganye ya zube. Kowane guntu ana yanke shi daidai: mita 1 da santimita 14. Ba ƙari, ba ragi. A jera shi a daji ya sha iska. A farkon watan Nuwamba ana cin babbar kasuwa a garin Shato-Shino (Château-Chinon). Nan masu daji ke sayar wa dillalai. Da an gama ciniki, sai kowane ɗan kasuwa ya aika yaransa da guduma mai zane a baki. A buga wa kowane guntu shaida a kai, ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda makiyayi ke sa wa raƙuminsa shaida don kada ya ɓace cikin na mutane. Wani shaidarsa zuciya ce, wani tauraro, wani harafi. Daga nan shanu su ja itacen a amalanke zuwa bakin ƙorama, a tara shi a filin da suke kira tasha.

To, ƙoramar ƙarama ce, ba za ta iya ɗaukar wannan kaya ba. Ga amfanin tafkunan nan da muka gani a sama. An tare ruwa a cikinsu tun da wuri. Ranar da aka sa, sai a buɗe ƙofar tafki, ruwa ya zubo da ƙarfi kamar ƙoramarmu bayan ruwa mai yawa. Maza da mata da yara suna tsaye a tasha, suna jefa itace ciki da iyakar hanzarinsu, domin ruwan ba ya daɗewa. Itacen kowa a gauraye yake tafiya, ba ɗauri. A gefen ƙorama kuma an jera mutane da dogayen sanduna masu ƙugiyar ƙarfe a kai. Aikinsu su zungure duk guntun da ya maƙale. Ana yi musu laƙabi da kajin ruwa. In guntu ɗaya ya gitta tsakanin duwatsu, cikin ɗan lokaci dubu sun taru a bayansa, ruwa ya hau gonakin mutane. Sai wani ya taka kan tulin ya cire wanda ya toshe. In ya cire, tulin duka ya taho masa. Wannan aiki ya ci mutane. Shi ya sa aka miƙe ƙoramu, aka fasa duwatsu, aka jere gefe, don itace ya wuce ba tsayawa.

Guntayen da suka sha ruwa suka nitse kuwa, ana ce musu agwagi. Ana komowa daga baya a tsamo su, a duba shaida, a mai da wa mai su.

Wannan tafiya ta farko tana kai itace bakin babban gulbi ne kawai. A can a tare shi, a jira. Sai wajen watan Maris, lokacin da ƙanƙara ta narke gulbi ya cika, a sake shi gaba ɗaya. Ana cewa in ya iso Kilamsi, ba a ganin ruwa, sai itace daga wannan gaɓa zuwa waccan. An kafa shinge a gulbi don tare shi. Maza su shiga ruwan sanyi har gwiwa, har ƙugu, suna fizgo guntaye da ƙugiya suna jefawa tudu. Mata da yara su bi suna duba shaida, suna rarrabawa, na wane nan, na wane can. Yawancinsu ba su shiga lakkol ba, amma sun san shaidar kowane ɗan kasuwa da ka. A jera kowane kashi ya bushe, domin jiƙaƙƙen itace ba ya yawo bisa ruwa.

Daga Kilamsi zuwa Paris ba a yarda a saki itace a warwatse ba, saboda akwai jirage da gadoji a hanya. Dole a ɗaure shi. Abin da suke ɗaurawa mu kira shi ayarin itace. Tsawonsa ya kai mita 72, faɗinsa mita 4 da rabi. Yana ɗauke da wajen sitar 200. Sitar ɗaya shi ne tsibin itace mai mita ɗaya a tsawo, mita ɗaya a faɗi, mita ɗaya a tsayi, mudun da ake aiki da shi a kasuwannin itace na karkara a nan ƙasarmu. Ku auna da idonku tsibi 200.

Babu ƙusa ko ɗaya a jikin ayarin, babu igiyar saye. Tsirran itace ɗanye ake yankowa, sirara, a murɗa su har su yi laushi, su zama igiya. Hausawa sun ce itace tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ayari ɗaya yana cin dubban irin wannan igiya. Ana ɗaura shi gaɓa-gaɓa, don ya iya lanƙwasa a inda gulbi ya karkata. A wasu wurare a cusa gangunan katako marasa komi a ciki, don su taimaka masa ya tsaya bisa ruwa.

Da zafi gulbin Yon ba shi da zurfi. Saboda haka aka yi masa madatsai a jere, kowace da ƴar ƙofa. A tare ruwa, ranar tafiya a buɗe, ayari ya hau bayan ruwan ya bi. Ƙofar ba ta fi ayarin faɗi da yawa ba, ruwa kuma yana zuba ta cikinta da gudu. In matuƙi ya kuskure, ayari ya daki bango ya watse, aikin makonni ya bi ruwa, shi ma sai Allah ya kiyaye. Babban mutum ne a gaba da gora, yaro a baya yana riƙe da wutsiya. In an kai garin Oser (Auxerre), gulbi ya yi faɗi, sai a sallami yaron ya koma gida da ƙafa. Manyan su ci gaba. A kan itacen suke dafa abinci, a kansa suke kwana. Tafiyar tana cin wajen kwana 11.

A Paris sai a kwance ayari, a sayar da itace. Jirgin da ya kawo matuƙi ya zama kayan murhu. Ba abin hawa. Sai ya saɓa ƙugiyarsa a kafaɗa, ya kama hanyar gida da ƙafa, kilomita wajen 200 cikin kwana huɗu. Ya iso, ya huta kaɗan, ya hau wani ayarin. A shekarun da cinikin ya fi ƙarfi, wajen 1800, dubban ayari ne ke sauka kowace shekara. A lokacin mutanen Paris sun haura rabin miliyan. Kafin 1850 sun kai miliyan ɗaya.

HANYA A BAKIN RUWA

Irin wannan aiki ba ya yiwuwa sai da doka, domin ƙorama tana ratsa gonakin mutane. A 1672, zamanin sarki Luwi na 14, aka yi doka cewa duk mai gona a bakin ƙoramar da itace ke bi, dole ya bar hanya mai faɗin taki huɗu don masu ƙugiya su wuce. Ba ya shinge ta, ba ya hana kowa bi. Makiyayi zai gane wannan da sauri, domin burtali ne, sai dai na itace. Masu injin niƙa da ruwa ke juyawa, su ma dole su tsai da aiki ranar da itace zai wuce, a biya su diyya. Rigima a kan wannan diyya ba ta ƙarewa, kamar dai rigimar ɓarnar gona.

Shekara uku kafin nan, a 1669, waziri Kolber (Colbert) ya fitar da babbar dokar ruwaye da dazuzzuka. Sunan da ma'aikatan gandun dajinmu ke amsawa da Faransanci, wato na ruwaye da dazuzzuka, tun wancan zamani Faransawa ke aiki da shi. Da mulkin mallaka ya zo mana.

WA YA CI RIBA?

Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Mai daji yana zaune a gidansa, sau da yawa ma a Paris. Manyan ƴan kasuwa sun haɗa kai, su ke yanka farashi. Mai gatari da mai ƙugiya ladan aiki kawai suke samu, kuma aikin na lokaci ne. In gulbi ya daskare ko ruwa ya ja, ba aiki, ba abinci.

Matuƙan Kilamsi ba su yi shiru ba. Suna zuwa Paris sau da yawa a shekara, suna jin abin da ake faɗa a can, suna kawowa gida. Sun sha ajiye aiki don a ƙara musu lada, kuma sun san lokacin da ya dace: ranar da itace ya cika gulbi, ɗan kasuwa ba ya iya jira. A watan Disamba na 1851, da shugaban ƙasa Luwi Napoleyon ya rushe majalisa ya ƙwace mulki, mutanen Kilamsi suka tashi suka riƙe garin kwanaki kaɗan. Soja suka zo. An kama ɗaruruwa, an kai da yawa Aljeriya, wasu Giyan, can hayin teku.

Mutanen kan tudu kuwa cin rani ya riƙe su. Masu shanu sukan tashi ranar 1 ga Mayu da amalankensu, su tafi wasu jihohi jan gungume da kaya, ba su komowa sai wajen 11 ga Nuwamba. Gona sai mata da tsofaffi. A garin Ano (Anost) akwai ɗan gidan tarihi da aka yi don tunawa da su, kuma hanya mai lamba 13 tana bi ta garin. Matan ma suna tafiya. Mace ta haihu, ta bar jaririnta wurin kaka, ta tafi Paris ta shayar da ɗan masu kuɗi. Birnin ya sha itacen Morban, ya sha nononta.

ME YA HANA DAJIN ƘAREWA?

Ga tambayar da ta fi shafarmu. Shekara 376 ana sara ana aikawa, yaya aka yi tuddan ba su zama fako ba?

Ruwan sama ya taimaka, wannan ba musu. Amma akwai wurare a Turai masu ruwa kamar haka da gatari da awaki suka mai da su ƙanƙarar dutse. Abin da ya riƙe Morban shi ne yadda ake saran. Ba a tumɓuke kututture, ba a ƙone shi, kuma ba a aske shi gaba ɗaya. A kan kututture ɗaya akwai tsirrai manya da matsakaita da ƙanana. Mai gatari yana zuwa duk bayan shekara takwas ko goma. Ya ɗauki waɗanda suka yi kaurin da kasuwa ke so, ya bar sauran. Waɗanda aka bari su sami haske su yi kauri, sababbi su tofo a ƙasa. In ya komo, ya iske wasu sun isa sara. Itacen etir ba ya son a aske shi duka, yakan mutu. Amma in an bar masa ƴan rassa masu ganye, saiwarsa tana nan da rai, kuma ƙasa ba ta taɓa zama tsirara ba, balle ruwa ya kwashe ta.

Ba daji ne na ƙattin itatuwa ba. Daji ne na itacen wuta, gajere, wanda aka matsa wa. In farashi ya hau, masu daji sukan yi haɗama su sara kafin lokaci, wurare da yawa sun rame. Duk da haka saiwa ta zauna a ƙasa. Da aka daina saran, tsirran nan suka girma. Su ne itatuwa masu gindi huɗu da biyar da matafiyi ke gani yau.

Manoman Maradi da Damagaram sun san wannan dabara ba tare da sun je Faransa ba. Ita ce ƴar'uwar sassaben zamani. Tun wajen 1983 a jihar Maradi aka fara jan hankalin manoma su daina ƙone kututture a gona: a zaɓi tsiro biyu ko uku masu ƙarfi, a sassabe sauran, a kiyaye. A Magarya da Matamai da Mirya manoma sun yi ta barin gawo yana tashi a gonakinsu. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta haka itace wajen miliyan 200 ya tashi a kan eka ta Faransa miliyan 5 a ƙasarmu. Bambancin shi ne, a nan itacen yana gonar mai shi, shi ke sara, shi ke sayarwa. Haka kuma dokar 1992 da ta kafa kasuwannin itace na karkara ta ba ƙauye ikon sayar da itacen dajinsa, wani kashi na haraji ya zauna a ƙauyen. Mai gatarin Morban bai taɓa samun wannan ba.

Makiyaya kuma su ji nasu. Tsiro sabo abincin dabba ne, saboda haka masu daji ba sa son ganin dabba a ciki. Dokar daji ta 1827 ta hana masu haƙƙin kiwo shiga da awaki da tumaki, shanu kuma sai inda ma'aikaci ya ce tsiro ya wuce bakinsu. Talakan da kakanninsa ke kiwo a wurin ya wayi gari ana cin sa tara. An tsare itace, amma ba a tambayi mai akuya inda zai kai ta ba.

ƘARSHEN SANA'AR

In matafiyi ya ci gaba da hawa kwarin Kur, bayan kwana uku ko huɗu daga Bezele zai wuce Gulu (Gouloux), inda ruwa ke faɗowa daga kan dutse wajen mita 10, ga kangon injin niƙa a gefensa. Gaba kaɗan sai babban tafkin Seton (Settons). Bangonsa na dutse ne, tsawonsa wajen mita 270, tsayinsa wajen mita 20. An fara gina shi a 1854, aka buɗe shi a 1858, don a sami ruwan tura itace. An makara. A lokacin Paris ta riga ta juya ga gawayin ƙasa, irin wanda ake haƙa a Anu Araren. Jirgin ƙasa ya zo. Ga kuma wata hanyar ruwa da aka haƙa da hannu tun daga 1784, aka gama ta bayan kusan shekara 60. Don itace aka fara ta, amma da ta samu sai jirage suka riƙa ɗaukar kaya a bushe, ba a bukatar mai ɗaure ayari. Ayari na ƙarshe ya sauka wajen 1877. An ci gaba da sakin itace a warwatse zuwa Kilamsi, ana loda shi a jirgi, har 1923. Daga nan aka rufe. Samari suka watse zuwa birane, ƙauyuka suka zama na tsofaffi. Tafkin Seton yau wurin wanka ne da wasan kwale-kwale.

Dajin da gatari bai kashe ba, yanzu wani abu ne ke cin sa. Daga 1946 hukumar Faransa ta riƙa ba da taimakon kuɗi don a dasa itatuwan katako masu saurin girma. Masu daji suka tumɓuke tsofaffin kututture, suka dasa baƙin iri a jere kamar gero, musamman wani da ake kira duglas, wanda asalinsa daga Amurka yake. Yau kusan rabin dajin Morban irin waɗannan ne. In sun kai shekara 40 ko 50, injuna su zo su aske tudu guda cikin ƴan kwanaki. Ƙasa ta zauna tsirara, ruwa ya kwashe ta ya zuba a ƙorama. Cikin sa'a ɗaya matafiyi yana iya fita daga tsohon daji mai tsuntsaye, ya shiga dashe mai duhu inda ko ciyawa ba ta fita, ya ɓullo a tudun da ba komi sai sawun inji. Fari da zafin da aka yi daga 2018 zuwa 2020 sun raunana wani irin dashen, ƙwaro ya shiga ƙarƙashin bawo ya kashe shi fili-fili, domin duk iri ɗaya ne, shekarunsu ɗaya.

Masu sana'ar katako suna cewa dashen ne ke ba mutane aiki a injinan yanka, kuma ba ƙarya suka yi ba. Wasu mutanen yankin kuwa ba su yarda ba. A 2003 suka kafa ƙungiya, kowa ya sa abin da ya iya, suna sayen tsohon daji yanki-yanki. Ba su hana sara a ciki ba. Suna ɗaukar itace ɗaya-ɗaya, su bar sauran a tsaye.

A Kilamsi, jikokin matuƙa suna nan. Kowace shekara ranar 14 ga Yuli suna wasa a gulbi: mutum biyu, kowa tsaye a bayan kwale-kwalensa da doguwar sanda, kowa yana neman ya tura ɗan'uwansa cikin ruwa. A 2015 wasu daga cikin mutanen yankin suka sake ɗaura ayari mai mita 72, suka tuƙa shi daga Kilamsi zuwa Paris don yara su ga yadda abin yake. Gulbin ya canza, yanzu ƙofofin jirage ne a kansa, ga tsayawa a garuruwa mutane suna kallo. Tafiyar da kakanninsu ke yi a kwana 11 ta ci musu wajen mako uku.